Tambaya: ƙanena na Kanada zai kwana uku a daji wai neman akwati, mi ke nan?

Abban Sadik (Ƙofar Ƙaura):

Salamu alaikum jama'ar gida. Dan Allah ina neman wanda ya san kan wannan abu ya yi mani bayani, don tun shekaranjiya gidanmu ba lafiya. Ƙanena ne ke karatu a Kanada, jihar Ontariyo, shekararshi ta biyu ke nan, yaro mai hankali wlh ba ruwanshi da shiririta, sai ga shi ya turo murya a gurup ɗin gida wai sati mai zuwa shi da abokanshi biyu za su shiga wani daji da ake ce ma Algonkwin, kwana uku a ƙafa da jaka a baya, kuma wai a hanya za su riƙa neman wasu akwatuna da mutane suka ɓoye, waya ke nuna masu wurin. Ya ce sunan abin jiyokashin. Na tambaye shi kuɗi ne a cikin akwatin? ya ce a'a. Zinari? ya yi dariya. To mi ne ne a ciki, ya ce ɗan littafi ne za ka rubuta sunanka ka maida inda ka ɗauko.

Ni dai na yi shiru, amma Hajiya tunda ta ji kalmar daji ta tsaya a nan, ba ta ƙara jin komai ba. Kun san mu nan in an ce daji abin da ke zo ma mutum a rai, ɗan ƙanwarta sai da ya yi wata biyu a hannun mutanen nan ta wajen Batsari kafin Allah ya kuɓutar da shi, to ita duk daji ɗaya ne a wurinta ko na Kanada ne ko na Rugu. Jiya da dare har kuka ta yi ta ce in kira shi in hana shi, ni ne babba. Ni kuma ba na son in hana yaro abin da ban sani ba, kuma ba na son in ce ma tsohuwa ki kwantar da hankalinki alhali ni ma nawa a tashe yake.

Abin da nike son sani, shin wasa ne na gaskiya ko wata ƙungiya ce suka ja shi ciki, sannan dajin yana da hatsari ko ba ya da, in da sabis a ciki ma dai a faɗa mani. Na gode.

Safiyo Mai Ritaya:

Wa alaikumus salam Abban Sadik. Maganar ƙungiya cire ta a ranka, wasa ne kawai kuma sananne, ni ban taɓa yi ba amma tarihinshi ya shafi sana'armu shi ya sa na san shi.

Mu da muka riƙe GPS, na'urar da ke nuna inda kake ta hanyar taurarin ɗan adam, tun kafin ta shigo cikin waya mun san wahalar da aka sha. Taurarin na sojan Amurka ne, kuma a da da gangan suke gurɓata siginar da farar hula ke samu, sai na'ura ta ce maka kana nan alhali kana iya zama mita ɗari daga wurin, wato ka tsaya bakin ƙofar gidanka ta nuna ka a layin baya. A ranar 2 ga Mayu 2000, zamanin Bill Clinton, aka kashe wannan gurɓatawar, dare ɗaya kuskuren ya dawo 'yan mitoci. Washegari 3 ga wata wani mutum mai suna Dave Ulmer ya ce bari ya gwada ko da gaske ne, ya ɗauki baƙin bokiti ya zuba tarkace, littattafai, kaset, gwangwanin wake, har da ɗankon harbin tsuntsu, ya kai wani daji kusa da Beavercreek a jihar Oregon ya aje, ya dawo ya buga lambobin wurin a intanet ya ce duk wanda ya gano ya ɗauki abu ya bar wani. Cikin 'yan kwanaki aka gano bokitin. Kafin shekarar ta fita an buɗe shafin geocaching.com, yanzu akwatunan sun haura miliyan uku a ƙasashe sama da 190.

To asalin ke nan, ɓuya ce irin ta yara sai dai manya ke yi kuma tauraro ke ba da sahu. Lambobin nan biyu ne, na arewa-kudu da na gabas-yamma, mu nan Katsina muna wajen digiri 13 arewa, 7 da ɗoriya gabas. Waya za ta kai ka kusa, amma ba za ta ɗora hannunka kan abin ba, in ta ce saura mita biyar to sai ka sa ta aljihu ka buɗe ido, kogon itace ne ko ƙarƙashin dutse. Kuma a ƙarƙashin itatuwa masu duhu kibiyar da ke nuna maka hanya a wayar tana rawa, don na'ura na bukatar ganin tauraro huɗu aƙalla, ganye da tsauni na tare su. Wannan na sha shi a aikin fili, ka tsaya wuri ɗaya lamba na ta canzawa kamar farashin masara.

Abu ɗaya da mutane ba su gane ba, GPS ba ta bukatar sabis ko data, daga sama take karɓa. Taswirar ce ke bukatar a sauke ta tun a gida. Amma sanin inda kake daban, kiran gida daban, wannan sai wanda ke can ya amsa maka.

Ɗan Kusugu a Toronto:

Yaya Abban Sadik ina gaisuwa, a gaida mani Hajiya. Ni ɗan Daura ne, shekara shida ina nan, na shiga Algonkwin sau uku kuma jiyokashin ɗin ma na taɓa shi sosai lokacin da nike gwauro, yanzu madam ta ce wasan marasa aikin yi ne hhhh.

Da farko ka ce ma Hajiya wannan dajin na gwamnatin jiha ne, gandu ne mai ƙofa da ma'aikata da rasit, tun 1893 aka keɓe shi, shi ne mafi tsufa a irinshi a Kanada. Daga Toronto awa uku zuwa huɗu a mota. Girmanshi ya haura murabba'in kilomita 7,600, kusan kashi ɗaya cikin uku na jihar Katsina gaba ɗaya, tafkuna sun fi dubu a ciki. Titi ɗaya mai lamba 60 ya ratsa ta kudancinshi, nan iyalai ke zuwa su kafa tanti kusa da mota su gasa nama. Amma abin da ƙaninka ke nufi shi ne can ciki inda mota ba ta zuwa. Akwai manyan hanyoyin ƙafa biyu da ke tashi daga titin, Highland mai zagaye na kilomita 19 da na 35, sai Western Uplands da ƙaramin zagayenta 32 ne babban kuma 88, wato kamar ka taka daga Katsina zuwa Daura har ka ɗan wuce, da kaya a baya, hawa da gangara, saiwa da taɓo. Tambaye shi wacce za su bi. In ya ce 88 a kwana uku kuma karonshi na farko ne to wannan ni ma na goyi bayan Hajiya a hana shi. In Highland ce ko ƙaramin zagaye ba komai.

Ba a shiga haka nan, sai ka yanki famit, wato takardar izini, ka faɗi tafkin da za ka kwana kowane dare, kuma ba ka kafa tanti inda ka ga dama sai wurin da aka sa ma alama. Gwangwani da kwalba na abinci an hana shiga da su ciki, don haka ya manta da sardin. Ni garin kwaki na tafi da shi da dabino da kilishin da wani ɗan Nijar ke yi mana nan, abokaina turawa suna ta fama da wani abincinsu na leda mai tsada ni na jiƙa garina na sha na kwanta.

Maganar hatsari, ba mutum ake tsoro ba a can, abin da ya fi ba ni mamaki ke nan ranar farko, ka haɗu da baƙo a tsakiyar daji ya yi maka murmushi ya ce ruwa na gaba kaɗan ya wuce, ni kuwa gabana sai da ya faɗi na waiga sau uku. Abin da ake kiyayewa namun daji ne da ɓata da sanyi. Akwai baƙin beyar, wani ƙaton naman daji mai gashi da farata, yawanci shi ke gudun mutum, abinci ke kawo shi, shi ya sa da dare duk wani abu mai ƙamshi har man goge baki sai a zuba a jaka a rataye a reshe can sama nesa da tanti. Ranar da na fara sai da na yi jifa ta fi goma kafin igiyar ta haye reshen, duhu na yi, sauro na ci na. Akwai wata dabba mus, kamar barewa amma ta fi doki tsawo, ba ta cin nama amma in tana da ɗa ba a matsa mata. Kyarkeci kuma sai dai ka ji kukanshi da dare in ka yi sa'a. Wanda zai wahalar da shi da gaske a wannan watan na Yuni ƙananan baƙaƙen ƙudaje ne masu cizo, wlh sauron Daura na damina malami ne mai tausayi a kansu, suna shiga bayan kunne da wuyan riga sai dai ka ga jini. Ya sayi ragar fuska. Ruwan tafki kuma ko ya ga ya yi garau ya tace ko ya tafasa.

Sabis babu a ciki, a gefen titi ma wuri-wuri ne. Wannan ka shirya Hajiya tun yanzu, kwana uku ba za ta ji shi ba kuma ba wani abu ne ya faru ba. In suna da hali akwai 'yar na'ura da ke tura saƙo ta tauraro, ana ba da haya. Ya tafi da fawa bank da taswirar takarda da kamfas, kamfas ɗin zai mashi amfani biyu don alƙibla a nan arewa maso gabas take, ni farkon zuwana sai da na yi gardama da wani Basudane a kan haka ashe shi ke da gaskiya.

Sai akwatunan. A nan zan ɗan rage mashi zumuɗi, kar ya ɗauka kowane kilomita akwai ɗaya. Dokar wasan ita ce ba ka ɓoye komai sai da izinin mai wurin, kuma gandayen gwamnati suna da tsauri a kan haka don ba su son mutane su bar hanya suna tattake tsirrai suna juya duwatsu, kowane gandu da nashi tsarin. Ya duba manhajar wasan tun yana gida ya ga abin da ke kan hanyarsu. Wasu wuraren abin da za ka samu irin wanda ba akwati ne, suna ce mashi EarthCache, za ka je wurin ka duba dutsen ko ramin ka amsa tambaya a kan yadda ya samu ka tura ma mai shi. Sauran dokokin, ba a binnewa a ƙasa, ba a sa abinci a ciki saboda dabbobi, tsakanin akwati da akwati sai an bar mita 161, kuma kowane yana da maki biyu daga 1 zuwa 5, ɗaya na wuyar ganowa ɗaya na wuyar hanya. Manhajar kyauta masu sauƙi kawai take nunawa, na cikin daji masu maki da yawa galibi sai ka biya.

Na taɓa ɓata awa ɗaya da rabi a wani ƙaramin gandu ina zagaye kututture ɗaya, waya na ce mani saura mita uku, na durƙusa na leƙa na tona ganye da hannu, har wata tsohuwa mai kare ta tsaya ta tambaye ni ko makulli na yar. Ashe abin na rataye saman kaina, 'yar roba ce kamar ta maganin mura an naɗe ta da tef kalar ɓawon itace. Na buɗe, takarda a nannaɗe ta ɗan jiƙe, sunaye sun kai arba'in, na sama ya shekara bakwai. Na rubuta Ɗan Kusugu, Daura, da kwanan wata. Ban san mi ya sa ba amma na daɗe zaune a wurin, shekara bakwai abu na rataye mutum arba'in sun taɓa shi ba wanda ya sa aljihu.

Baban Gida 05:

Hhhhh Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya. Mu muna biyan kuɗi a fito da mu daga daji su suna biya a shigar da su.

Ni abin da ya tsaya mani, na je na duba hotunan abin, ashe da yawa akwatin harsashi ne na soja suke amfani da shi, kore, na ƙarfe, wai don ruwa ba ya shiga. Dan Allah ku hango mutum a bayan ganuwa ta wajen Ƙofar Guga yana ɓoye akwatin harsashi cikin duhuwa, ko baƙo da waya a hannu yana zagaye gindin tsamiya yana leƙe-leƙe yana ɗaukar lamba. Kafin ya ce jiyo an ce infoma ne, kuma kun san ba a tsayawa jin bayani a kan wannan kalmar yanzu. In ya tsira daga wannan to wanda ya tsinci roba a kogon kuka da takarda a nannaɗe da sunayen mutane a jere ai ba sai an faɗa maku abin da zai ce ba, sammu ne an yi ma mutum arba'in, sai a kira malam a ƙona. Kuma ko duk ba wannan, 'yan jari bola ba za su bari ƙarfe ya kwana ba.

Abban Sadik ka bar yaro ya je, dajinsu ba irin namu ba ne. Amma ka ja kunnenshi in ya zo hutu kar ya ce zai gwada mana a nan.

Maman Ilham (Daura):

Baban Gida ban yarda da kai duka ba. Daji kam babu mai zuwa, wannan ba gardama, amma wa ya ce dole sai daji? Ni malamar jogirafi ce a sakandaren 'yan mata, shekara nawa ina koyar da layukan nan na taswira a allo yara na haddacewa su zubar bayan jarrabawa. Zangon da ya wuce ɗan yayata ya nuna mani wasan nan, na nemi izini wurin firinsifal na faɗa ma maigadi, na sami robobin man shafawa guda biyar na wanke na sa takarda da guntun fensir a kowace, na ɓoye cikin harabar makaranta, na ɗauki lambobin da wayata. Ban sa a intanet ba, a allo na rubuta. Na raba su rukuni biyar da wayoyin malamai da na ara.

Abin da na gani ranar ban taɓa gani a aji ba. Wata yarinya da ba ta taɓa ɗaga hannu ba ita ta fara lura in suka yi wajen masallaci lambar farko ke ƙaruwa in suka yi wajen kicin ta biyu ke ƙaruwa, ta tsaya tsakar fili ta ce Malama ashe arewa da gabas ke nan! Huɗu an gano, ta biyar da na sa a bayan tankin ruwa ba mu gan ta ba har yau, ina zargin akuyar maigadi ko almajiran da ke shigowa ɗibar ruwa, to nan kam Baban Gida ka ci maki ɗaya.

Kuma irin wanda Ɗan Kusugu ya faɗa mara akwati ai kamar don mu aka yi. Ka ba yaro lambar rijiyar Kusugu ko hasumiyar Gobarau ko Durɓi ta Kusheyi ka ce ya je da babba ya ƙirgo wani abu ko ya tambayo mai kula da wurin, ba abin da za a ɓoye balle a sace. Yaranmu nawa aka haifa a Daura ba su taɓa leƙa Kusugu ba sai baƙi daga nesa.

Abban Sadik, ita Hajiya ba bayanin tauraro take so ba. Ka sa ya kira ta da bidiyo ya nuna mata abokan tafiyar ta ga fuskarsu, ya faɗa mata rana da awar da zai fito, da lissafin agogonmu don akwai awa biyar tsakani, ya nemi albarkarta da bakinshi. Uwa ce.

Abban Sadik (Ƙofar Ƙaura):

Jama'a na dawo, ku yi haƙuri da shiru. Na gode ƙwarai, Malam Safiyo Allah ya ƙara girma, Ɗan Kusugu Allah ya bar zumunci, Malama shawararki ita ta yi aiki. Highland suka bi ƙaramin zagayen, ya kira ta da bidiyo ta ga abokan, ɗaya ɗan Pakistan ɗaya Bature, ta sa aka fassara mata ta ce ma ɗan Pakistan ɗin amana ta ba shi ya riƙa tada shi sallar asuba. Duk da haka kwana ukun nan ba ta yi barcin kirki ba, ta sa an yi sadakar ƙosai kullum da safe, wayarta na cikin zani ko banɗaki za ta.

Sun fito ranar Litinin, wajen ƙarfe tara na dare agogonmu ya kira. Wuyanshi da bayan kunne duk sun kumbura, ragar fuskar wai ya manta ta a mota. Beyar ba su gani ba, mus ɗaya suka hango tsaye cikin ruwa da sassafe. Akwati kuwa a cikin dajin ko ɗaya bai samu ba, sai a hanyar dawowa da suka tsaya shan mai a wani gari Huntsville ya gano wata 'yar ƙarama, ya turo hoton takardar ya rubuta sunan Hajiya da Ƙofar Ƙaura Katsina a ƙasan na wasu turawa.

Na nuna mata hoton, ta sa tabarau ta daɗe tana kallo, ta ce yanzu wannan abin kamar robar Robb shi ya hana ni barci kwana uku? Sai kuma ta ce in tambaye shi ya dai rufe da kyau ko, kar ruwa ya shiga ya goge mata suna.